Intabiyun Hafsatu da Amsar da Na Hana Sale

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da yake kora girgije zuwa ƙasar da ya so, ya riƙe shi daga wadda ya so, cikin hikimar da ta fi ƙarfin lissafinmu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu da kyautatawa.

Bayan haka, daminar bana ta zo mana da tsoro. An yi ruwan shuka da wuri, gero ya fito ya yi kyau har aka gama noman farko, sannan sama ta ɗauke kwana ashirin da wani abu. A jigawar da ke arewa da garinmu, ta wajen hanyar Tsanyawa, geron ya murɗe ganye, ya yi fari, ya kwanta. Hadari yakan taso daga gabas da la'asar, ya yi baƙi har mata su kwashe shanya, sai wata iska mai zafi ta zo ta yayyaga shi, a wayi gari sama tas. Na san wannan iskar. Na zauna a ƙarƙashinta shekara hamsin da ɗoriya da suka wuce, kuma na daɗe ina roƙon kada in sake jin ta a fuskata kafin in koma ga Ubangijina.

A cikin wannan hali jikata Hafsatu ta dawo gida daga Kano. 'Yar babban ɗana ce, marigayi. A gabana ta yi karatun allo har ta sauke, sannan ta yi boko har jami'a, inda ta karanci tattalin arziki. Ta zo da kwamfuta da jaka cike da takardu, ta ce saura mako uku ta je Abuja intabiyu, wato ganawar da ake yi da mai neman aiki don a gwada shi. Gidan gwaggonta a birni yara sun yi yawa, ba ta samun natsuwa.

Na tambaye ta wane irin aiki ne. Ta ce kamfani ne na masu ba da shawara. Ba sa saye, ba sa sayarwa, ba sa ƙera komai. In al'amarin wani babban kamfani ko wata ma'aikata ya rikice, sai a kira su, su duba, su ce a yi kaza, a bar kaza.

Na ce, "Ashe muftai ne na 'yan kasuwa."

Ta ce, "Kusan haka, tsoho. Sai dai su ba sa naɗa rawani."

"Kuma ke za a riƙa tambaya? Ke da har yau ba ki bambanta dawa da maiwa sai sun fitar da kai?"

"Ai shi ya sa na zo wurin angona na fari, ya koya mini kafin sauran haƙoran su zube, in daina gane maganarsa."

Muka yi dariya, amma tata ba ta kai ciki ba. Da kakarta Rabi ta matsa mata, sai ta faɗi abin da ke cin ta. Bara ta je irin wannan ganawa a wani kamfanin, ta kai matakin ƙarshe, aka mayar da ita. Ɗaya daga cikin masu tambayar ta gaya mata cewa lissafinta ya fi na kowa tsabta, amma ba ta ba su amsa ba. Kuma irin waɗannan wurare, in ji ta, sabbin masu gama karatu suke ɗauka. In ta faɗi bana, ƙofar ta rufe mata ke nan.

Ta bayyana mini yadda ake gwajin, na ga ba hadda ake tambaya ba. Mas'ala ake ajiye wa mutum. A ce ga kamfanin sabulu masu sayen kayansa sun ragu a Arewa, mene ne dalili, kuma me zai yi. Ko a ce buhun taki nawa manoman ƙaramar hukuma guda za su buƙata a damina ɗaya. Ba littafin dubawa, ba cikakken bayani. Za ka yi 'yan tambayoyi, ka rarraba mas'alar gida-gida, ka yi lissafi da baki a gabansu, sannan a ce maka mai kamfanin ya shigo, minti ɗaya gare shi, gaya masa abin da zai yi. Kuma da gangan mai tambayar zai ce ba ka yi daidai ba, don ya ga ko za ka tsaya ko za ka rushe.

Ta rubuta mini mas'alolin da Hausa, da manyan baƙaƙe saboda idona. Aikina in karanta mata, in saurara, in musa mata. Kullum da hantsi, in na sallami masu ɗaukar karatu, sai ta kawo kujerun roba biyu ƙarƙashin darbejiyar ƙofar zaure, ta jera su suna fuskantar juna, domin a can a kan kujera ake zama. Ranar farko ta kasa zama daidai da ni. Tana cikin magana ta zame ta koma kan tabarma ba ta ma sani ba, sai da na ce mata a Abuja ba za su shimfiɗa mata buzu ba.

Mas'alar takin muka fara da ita. Na saurare ta, kuma na yi mamaki. Ta ƙiyasta yawan gidaje, da gonar da gida ɗaya yake nomawa, ta ware masu takin gida da masu na zamani, ta cire waɗanda ba su da halin saye. Duk da ban san boko ba, na san tsararren tunani in na ji shi. Da ta gama na ce, "To, mai kamfanin ya shigo. Buhu nawa zai kawo?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Yana iya zama kaza, yana kuma iya fin haka. Ya danganta. Allah dai shi ne masani."

"Ga adadi nan a takardarki, ina ganinsa daga nan."

Ta faɗe shi a hankali, kamar mai amsa laifi. Sai na yi abin da ta umarce ni, na ɗaure fuska na ce, "Wannan ba daidai ba ne."

Nan take ta ce, "To, Malam. Kai ka fi ni sani. Wataƙila na yi kuskure."

Ni kuwa ban san komai a kan takin ba, kuma ta san ban sani ba. Haka muka yi kwana shida. Lissafi ya yi kyau, a zo wurin amsa ta janye. In na musa, ta ba ni gaskiya. A rana ta shida, da na ga yadda ta sa tafin hannu ta rufe adadin da ta riga ta rubuta, sai na gane wannan hannun. Nawa ne. Ni na koya mata, kuma na san ranar da ni na fara.

A waccan shekarar da na fara jin iskar nan, ina ɗan ashirin da 'yan kai, Rabi tana goyon ɗanmu na fari, uban Hafsatu. Mahaifina shi ne limamin gari, shi ne kuma mai riƙe da lissafin taurari. Ga wanda bai san wannan ba, malamanmu sun raba shekara zuwa taurari ashirin da takwas, kowanne kusan kwana goma sha uku, bakwai daga cikinsu na damina ne. Ba mu cewa tauraro yana kawo ruwa, Allah ya tsare mu da faɗin haka. Ma'aunin kwanaki ne kawai, kamar ƙullin da ake yi a igiyar guga don a san zurfin rijiya. Da shi ake sanin kwana nawa suka shuɗe na damina, nawa suka rage bisa al'ada. Duk shekara mahaifina ake tambaya yaushe za a shuka me. A bazarar nan ciwo ya shanye masa ɓarin dama, harshensa ya yi nauyi. Aka tura ni gaba in ja salla, aka fara ce mini Malam Ƙarami.

Shukar farko binne ce. Mutane suka zuba iri a busasshiyar ƙasa suna jiran ruwa ya same shi. Aka yi yayyafin da ya isa ya tsirar da shi, bai isa ya rayar da shi ba. Shuka ta biyu muka yi ta da gayya, maza a gaba da sungumi, mata da yara a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Wannan geron ya kai ƙwauri, sannan ya tsaya, ya ƙone a tsaye. Sau uku muka fita roƙon ruwa bayan gari, da tsofaffi da ƙananan yara, muka juya rigunanmu, muka yi kuka, muka dawo rana tana dukanmu.

Abin da na fi tunawa shi ne shiru. Garinmu da asuba turmi ne yake tashe shi, daga wannan gida zuwa wancan. A shekarar nan turmi ya yi shiru. Wanda ma yake da ɗan abin dakawa, a dutsen niƙa ake murje shi a cikin ɗaki, don kada maƙwabci ya ji ya turo yaransa. Mata sukan fita rijiya tun kafin rana ta fito. Sau biyu aka ƙara wa igiya tsawo, kuma abin da guga yake kawowa rabinsa laka ne, sai an bar shi a randa ya kwanta. Daga nan su wuce daji neman tafasa da yaɗiya, a dafa da kanwa, a barbaɗa dusa tafi ɗaya. Ci ɗaya ake yi a yini, bayan la'asar, don yara su iya barci. Na ga dattawa masu mutunci suna tona gidan tururuwa suna tattara hatsin da ta tara. A kasuwar Tsanyawa aka fara kawo garin rogo daga kudu, abin da ba mu saba da shi ba. Mukan jiƙa shi ya kumbura, ya cika ciki, kafin magariba ya zama kamar ba a ci ba. Ina jin ƙarar ƙwarya tana kankarar ƙasan rumbunmu ranar da Rabi ta shiga ta fito da abin da bai cika ta ba. Nononta ya ragu, yaron yana tsotsa yana saki yana kuka marar ƙarfi.

Abu ɗaya kowane gida ya hana kansa taɓawa, shi ne tukunyar iri ta ƙarshe, wadda ake zuba wa toka a liƙe bakinta da laka.

Sai a farkon tauraron Ɗarfa, na biyar a taurarin damina, aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, tun asuba har azahar. Ƙanshin ƙasa ya cika gari, yara suka fita tsirara suna buɗe baki sama. Da aka idar da sallar la'asar, ba wanda ya tashi. Mai unguwa na lokacin ya juyo ya ce, "Malam Ƙarami, iri ɗaya ya rage mana, ba na biyu. Mahaifinka ba ya iya magana. Kai ka zauna a gabansa. Me za mu shuka?"

Na san amsa. Tun ana ruwan na zauna a zaure na yi lissafin a allo. Taurari uku suka rage, kwana arba'in ke nan, sai ɗan abin da Allah ya ƙara a bayansu. Dawa tana son fiye da wata huɗu. Gero yana son uku. Abin da zai iya nuna a wata biyu, ya ƙarasa da raɓa da sauran damshin ƙasa, shi ne ɗan jan waken nan na wuri. Amma wake ba tuwo ba ne. Wanda ya cika gonarsa da wake ya sallama abincin shekara ke nan. Na duba sahu, na ga fuskokin da suka haife ni. Na ce a raina, in na ce wake, Allah kuma ya tsawaita daminar, dawar wani ta nuna, za a ce ɗan Liman ya hana gari hatsi, kuma za a faɗa har jikokina.

Sai na sunkuyar da kai na ce, "Ni ban sani ba. Allah ne masani. Kowa ya nemi zaɓin Allah ya shuka abin da ya kwanta masa."

Suka ce gaskiya ne. Wani tsoho ma ya yaba mini, ya ce yaron nan yana da tsantseni irin na ubansa. Wannan yabon har yau yana ƙona ni.

Maƙwabcina Sale, wanda danga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, ya biyo ni har ƙofa. Sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya, dogo mai yawan dariya, yana da 'ya'ya uku. Ya riƙe hannun rigata ya ce, "Bar zancen masallaci, ni da kai ne nan. Ina da ƙwarya ɗaya ta dawa, da rabin ƙwarya ta wake. Ɗaya zan shuka, ɗaya yara su ci. Wanne?"

Na ce, "Sale, abin da na faɗa a can shi ne."

Ya ɗan dube ni, ya ce, "To, shi ke nan. Dawa dai ita ce abinci." A ranar na ji ƙanshin dafaffen wake yana tsallako danga.

Washegari na shuka wakenmu. Muna da gona a bakin hanya, muna da wata can bayan fadama inda ba kowa yake bi ba. Ban ce wa kaina ɓoyewa nake yi ba, amma ta bayan fadamar na zaɓa.

Ruwa ya yi ta zuwa cikin tauraron Jabha, ya ɗan taɓa a na ƙarshe, Harsan, sannan ya ɗauke ɗaukewar da ba dawowa. Dawar mutane ta kai ƙirji, ta yi ciki, ba ta fitar da kai ba. Kara kawai aka yanka. Wakena kuwa ya yi 'ya'ya. Wata safiya muna tsinka ni da Rabi, sai ga Sale ya ɓullo yana neman ciyawar akuyarsa. Ya tsaya a bakin gona. Ya tsinki kwanso ɗaya, ya fasa shi da babban yatsa, ya daɗe yana kallon abin da ke ciki. Sannan ya ce, ba da faɗa ba, ba da ɗaga murya ba, "Malam Ƙarami, ashe ka sani."

Na cika masa gaban rigarsa da wake. Ya karɓa saboda yara, bai dube ni ba. Kafin sanyi ya shigo ya kwashe iyalinsa suka nufi kudu, kamar yadda gidaje da dama suka yi. Daga baya labari ya zo cewa ƙaramar 'yarsa ba ta kai can ba, a hanya aka binne ta. Ban sake ganinsa ba. Inda gidansa yake yanzu gyaɗa ake shukawa.

Na je na durƙusa a gaban mahaifina na gaya masa duka. Ya dube ni, bakinsa yana motsi, kalma ba ta fita. Har ya rasu ban san abin da ya so ya ce mini ba.

Malamanmu sun hore mu a kan cewa kada mutum ya ji kunyar faɗin bai sani ba, kuma wannan horo gaskiya ne, a kansa nake har gobe. Amma an yi shi ne don wanda bai sani ba. Ni ina da zato mai ƙarfi da hujjarsa, har na shuka shi a gonata, sai na ɗauki kalmar masu tsoron Allah na yi katanga da ita tsakanina da bakin mutane. Da na ƙi duban wannan a kaina, sai na tarbiyyantar da 'ya'yana da jikokina a kan sunkuyar da kai, ina kiran duk abin da ladabi. Ga wannan ladabin yanzu ya zauna a kujerar roba yana fuskantata, saura kwanaki ya rufe wa marainiya ƙofa. Duk da haka ban iya gaya mata ba. Na ci gaba da karanta mas'aloli ina cewa ba daidai ba ne, tana ba ni gaskiya.

Bana ma a farkon Ɗarfa ruwan ya dawo. Washegari da hantsi muna kan kujerunmu sai ga Mai unguwa Garba da magidanta biyar. Hafsatu ta gaishe su ta shige zaure. Bayan gaisuwa Garba ya ce, "Malam, geron jigawa ya mutu, ba gyara. Wayar yaran nan tana faɗin abu ɗaya, rediyo tana faɗin wani, mai sayar da iri a Tsanyawa kuma ya ce masararsa tana nuna kafin ka juya. Mun ce bari mu zo wurin mai lissafi. Me za mu mayar?"

Harshena ya kama tsohuwar hanyarsa. Har na fara sunkuyawa. Sai idona ya faɗa kan kujerar da ke gabana, ba kowa a kanta sai takardar lissafinta, kuma na san tana bayan ƙyaure tana ji.

Na ce, "Abin da na sani, bisa al'ada kwana arba'in suka rage mana, ko da ɗan ƙari. Gero ba zai kai ba. Masara a yashin jigawa, in ruwa ya yi mata fashin mako guda ta tafi. Ko Allah zai tsawaita daminar, wannan ban sani ba. In ni ne, waken wuri zan mayar. Kuma shi zan shuka gobe, a gonata ta bakin hanya, kowa ya gani."

Garba ya ce, "Amma Malam, a rediyo an ce bana ruwa zai kai ƙarshen kaka."

Na ce, "Yana yiwuwa. Su suna da na'ura, ni allo gare ni. Amma in daminar ta yi tsawo, mai wake ya rage samu ne kawai. In ta gajarta, mai gero ya tashi da kara. Ban janye ba. In kun bi maganata ta cuce ku, ku zo nan ku faɗa mini a fuskata. Allah ne masani."

Da suka tafi Hafsatu ta fito ta zauna. Ta ce, "Tsoho, me ya sa wannan amsar ta yi maka nauyi haka?"

Sai na ba ta labarin Sale, tun daga allon har zuwa kwanson waken. Ban taɓa ba wa wani daga cikin zuriyata ba. Da na gama ta ce, "Inna ta sani?" Kakarta Rabi take nufi.

"Ita ta tsinke waken."

Rabi tana tsaye a ƙofar zaure da butar shayi, ban san tun yaushe ba. Ta ajiye butar ta ce wa Hafsatu, "In idon mutum ya yi miki nauyi, ki kalli goshinsa. Ba zai gane ba. Shekara hamsin ke nan da haka nake gaya wa kakanki gaskiya."

Muka koma kan mas'alar sabulu. Ta yi lissafinta, ta ba da shawara cewa kamfanin ya fito da ƙaramin yanki wanda mai sayen na yini ɗaya zai iya ɗauka. Na ɗaure fuska na ce ba daidai ba ne. Na ga kanta ya fara yin ƙasa, ya tsaya a rabi, ya dawo. Ta kafa ido a gefen rawanina. Ta ce, "Ina ganin daidai ne, Malam. Ga dalilina. In akwai abin da ka sani wanda ban sani ba, faɗa mini in sake dubawa."

Na ce, "Ban san komai a kan sabulu ba sai wanka."

"Shi ma Inna ta ce sai an tuna maka."

Ba a rana ɗaya ta warke ba. Wata rana ta tsaya, washegari ta rushe, har ranar da na raka ta bakin titi ta hau bas ɗin Kano ban tabbata wace Hafsatun za ta shiga ɗakin gwajin ba. Ranar ganawar na sallami masu karatu, domin na karanta layi ɗaya sau uku ban fahimce shi ba. Na zauna ƙarƙashin darbejiya da waya a aljihu, ina jan carbi, ina kuskuren ƙirga.

Bayan la'asar ta kira. Ta ce mutum biyu ne, mace da namiji. Mas'alar ta wani kamfani ce mai sayar da injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, yana shawarar ko ya buɗe reshe a Arewa. Ta ce ya buɗe, amma ya fara da masu noman rani na bakin madatsun ruwa. Sai namijin ya jingina da kujera ya ce shi bai ga haka ba.

Na ce, "Sai kika ce me?"

"Na kalli goshinsa. Yana da sanƙo, wurin kallo ya wadata. Na kawo dalilaina. Sai ya nuna mini wani wuri da na yi kuskure a lissafi, kuma gaskiyarsa ce. Na ce ya yi daidai, na gyara a gabansa, na ce adadin ya ragu amma shawarar tana nan."

"Allah ne masani fa? Kin bar shi a gida?"

"Na faɗa, tsoho. A ƙarshe, bayan na ba da amsa."

Bayan kwana takwas saƙo ya zo cewa sun ɗauke ta. Rabi ta yi guɗa, abin da rabona da ji daga bakinta tun auren autarmu. Ni na yi sujada, na tashi, na ga tsoron bai tafi ba. Na gaya wa Hafsatu a waya cewa abin da suka ba ta shi ne a tambaye ta kullum, mutane su shuka irinsu na ƙarshe a kan maganarta. Ta ce ta sani, shi ya sa tun da saƙon ya zo ba ta iya cin abinci ba. Na ce to, madalla, kada wannan ya warke.

Yau muna cikin Harsan, tauraron ƙarshe na damina. Gida goma sha ɗaya suka bi maganata. Waken ya rufe ƙasa, ya fara fure, kuma yau kwana shida ba a yi ruwa ba. Kowace safiya Garba yakan biyo ta gonata ta bakin hanya ya same ni a ciki, mu gaisa, ya dubi gabas, sannan ya dube ni. Ba na sunkuyar da kai.

Allah ya shayar da mu ruwa mai albarka, ya nunar da abin da muka shuka. Allah ya jiƙan mahaifina da ɗana da 'yar Sale. In Sale yana raye Allah ya sanyaya zuciyarsa a kaina, in ya riga mu Allah ya haskaka kabarinsa, ya wadata zuriyarsa a duk inda take. Allah ya yi riƙo da hannun Hafsatu, ya sa gaskiya a bakinta a ranar da faɗinta yake da nauyi. Kai kuma mai karatu, Allah ya cika rumbunka, ya kiyaye iyalinka daga shekarar da turmi yake shiru, ya sa albarka a gidanka da abin da ke cikinsa. Amin.